Alkaluman bincikena sun ƙi fitowa, an ce in biya a gyara mini

Assalamu alaikum Anti. Ni ɗaliba ce mai neman digiri na biyu a fannin gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi. Aikin kundina shi ne fassara takardar tambayoyin nan ta auna ingancin barci, PSQI, zuwa Hausa, sannan in gwada ko fassarar abin dogaro ce. Ni da wata ƙawata malamar Turanci muka fassara ta cikin mako guda, malamin da ke duba aikina ya karanta ya ce ba laifi. A ƙarshen Sha'aban na yi wa masu ciwon baya 64 tambayoyin a asibiti. Da na koma zagaye na biyu azumi ya riga ya yi kwana goma sha biyu, kuma mutum 41 kawai na samu. Da aka yi lissafi, alfa, wato ma'aunin yadda sassan takardar ke tafiya tare da juna, ta fito 0.56, ICC kuma, wato ma'aunin ko mutum zai sami maki ɗaya idan aka maimaita masa tambayoyin, ta fito 0.48. Malam ya ce ba zai sa hannu a kan abin da bai kai 0.7 ba, kuma in yi sauri don 'yan ajinmu sun kusa kare kundinsu. Mai yi mana lissafi a kwamfuta ya ce in ba shi wani abu ya gyara alkaluman, wai haka kowa yake yi. Maigidana ne ke biya mini kuɗin makaranta, ya ce ba zai iya biyan wata shekara ba, ga ni da goyo ɗan wata bakwai. Yanzu ni kaina sai in kai ƙarfe biyu idona biyu. Zuciyata ta ƙi kwanciya da maganar mai lissafin, amma ban ga wata mafita ba. Ki ba ni shawara don Allah.

Daga wata ƙanwarki.

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya raya yaro, ya ba ki ikon ƙarasa karatun nan lafiya. Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma inda na fi tsayawa shi ne inda kika ce zuciyarki ta ƙi kwanciya. Da ta kwanta, da ba ki rubuto mini ba, da tuni an gama ciniki. Saboda haka ba doguwar nasiha zan yi miki a kan wannan ba. Ki bar kuɗinki a jaka, kada ki bari kowa ya taɓa ko da lamba ɗaya. Takardar da kike fassarawa ba a kan kantar laburare za ta tsaya ba. Gobe wata ɗaliba za ta ɗauka ta yi wa masu juna biyu tambayoyi da ita, jibi wani likita ya auna masu hawan jini, duk suna dogaro da cewa ke kin gwada ta kin ce tana aiki. Idan alkaluman na bogi ne, duk wanda ya yi gini a kansu ya yi a kan rairayi, kuma sunanki ne a jikin harsashin. Ga kuma na kusa: malamin da za a gayyato daga wata jami'a ranar kare kundi yana da ikon cewa a kawo masa ainihin takardun da aka cike. Ya ɗauki biyar ya duba su da abin da ke cikin kwamfuta, magana ta ƙare.

Abin da nake so ki gane shi ne, lambobin nan biyu da suka hana ki barci suna da dalili, kuma daga abin da kika rubuta ina hango dalilan. Mafi yawansu ana iya gyara su cikin wata biyu ba tare da an yi ƙarya ba.

Mu fara da abin da kike riƙe da shi. Daniel Buysse da abokan aikinsa na Jami'ar Pittsburgh a Amurka suka fitar da takardar a 1989. Tambayoyi 19 ne mutum ke amsawa da kansa game da barcinsa na wata guda da ya wuce, sai wasu biyar na abokin kwana waɗanda ba sa shiga maki. Tambayoyin 19 ana tattara su zuwa rukuni bakwai: yadda mutum ke jin daɗin barcinsa, jinkirin zuwan barci, tsawonsa, kason da barci ya ci cikin lokacin da aka yi a kwance, abubuwan da ke katse shi, shan maganin barci, da kasala da gyangyaɗi da rana. Kowane rukuni daga 0 zuwa 3, jimilla daga 0 zuwa 21, wanda ya haura 5 ana ɗaukarsa mai matsalar barci. Su a wancan aikin alfa ta ba su 0.83. Na san kin san duk wannan, na maimaita ne don tambayata ta farko a nan take: me mai lissafin ya zuba a SPSS, manhajar lissafin nan ta kwamfuta, da ya fitar da 0.56? Alfa a kan makin rukunan nan bakwai ake yin ta. Na sha ganin masu lissafi sun kwashe ɗanyen amsoshin gaba ɗaya, har da ƙarfe goma na dare da minti talatin da awa shida, sun haɗa su da masu maki 0 zuwa 3 sun danna. Ko takardar Turancin aka yi wa haka ba za ta ba da abin kirki ba. Akwai kuma kuskuren tsallaka sha biyun dare: wanda ya kwanta ƙarfe 10 ya tashi ƙarfe 5, idan aka ɗebe wannan daga wancan kai tsaye sai awannin kwanciyarsa su fito biyar ko ma ƙasa da sifili, alhali bakwai ne, rukuni na huɗu duk ya rikice. Ki ɗauki takardu goma yau da dare ko gobe da hantsi, ki lissafa su da biro, ki gwada da abin da ke cikin kwamfutar. Aikin awa biyu ne. Mai yiwuwa wani kaso na damuwarki a nan zai ƙare.

Ko da lissafin daidai yake, ki duba rukunin maganin barci. A wurarenmu mutum ba ya saurin cewa yana shan maganin barci, don kalmar ta riga ta ɓaci da batun shaye-shaye. Tsohuwa za ta ce miki Allah ya kiyaye, alhali kullum sai ta haɗiyi maganin mura don ya sa ta barci, ita a wurinta wannan ba maganin barci ba ne. Idan kusan kowa ya ce babu, rukunin ba ya motsi tare da sauran, sai ya ja alfa ƙasa. Wannan ba a fassararki kaɗai ya faru ba, fassarori da dama a wasu harsuna sun sami alfa ƙasa da ta asali, kuma sau da yawa wannan rukunin ake nuna wa yatsa. Amma kada wani ya ce ki cire shi don lamba ta tashi. Da kin cire, jimilla ta daina zama 21, iyakar nan ta 5 ta rasa ma'ana, kuma abin da ya rage a hannunki ba PSQI ba ne kuma. Ki kawo alfa yadda take, ki kawo yadda za ta zama in babu rukunin, ki yi bayanin dalili.

Sai ICC, wadda ke gaya mana ko mutum ɗaya zai sami maki ɗaya idan aka maimaita masa. Ki tuna mudun kasuwa. Idan kika auna gero yau, kika sake auna shi gobe, kika sami bambanci, mudu ne da laifi, amma fa da sharaɗin ba wanda ya ɗiba ko ya ƙara a tsakani. Ke kuwa tsakanin awonki na farko da na biyu azumi ne ya shigo. Matar da a Sha'aban take kwanciya bayan isha'i ta tashi da asuba, yanzu sai an sauko daga tarawihi, ta wanke kwanukan buɗa-baki, ta kwanta sha ɗaya da rabi, ƙarfe uku ta miƙe ɗora sahur, ta rama da hantsi in yara sun bari. Barcinta ya canja da gaske. Takardar da za ta ba ta maki ɗaya a waɗannan lokuta biyu ita ce abin tuhuma. Ga shi kuma mutanenki masu ciwon baya ne da ke zuwa gashi: wanda ya sami sauƙi cikin mako uku barcinsa zai gyaru, nan ma maki ya motsa ba laifin fassara ba. Don haka 0.48 ɗin nan ba ta ce komai a kan fassararki ba tukuna, ni a ganina gwajin ma ba a yi shi ba. Kuskure ne na tsari, wanda ya kamata a hango tun ranar da aka duba jadawalin aikinki, kuma ba ke kaɗai ce ba ki hango ba.

Inda zan ɗan ja kunnenki shi ne fassarar kanta. Mako guda, ku biyu, ku duka 'yan boko, bai isa ba. Tsarin da aka fi bi shi ne wanda Dorcas Beaton da abokan aikinta suka wallafa a 2000: mutum biyu su fassara kowa da kansa, ɗaya ya san fannin ɗaya bai sani ba, a haɗe fassarorin su zama ɗaya, wasu biyu da ba su taɓa ganin ta asali ba su mayar da ita Turanci, kwamiti ya zauna ya daidaita, sannan a gwada a kan mutum 30 zuwa 40 ana tambayarsu me suka fahimta. Wannan mataki na ƙarshe shi ɗalibai ke tsallakewa, shi ne kuwa mai daraja.

Bari in ba ki labarin abin da ya koya mini haka. Shekarun baya na zauna a barandar wani asibiti da irin wannan takarda, ina yi wa wata dattijuwa tambaya. Na ce, Baba, ƙarfe nawa kike kwanciya? Ta ce, in na idar da shafa'i da wutiri, na ɗan ja carbi. Na ce, minti nawa kike yi kafin barci ya ɗauke ki? Ta dube ni, ta gyara mayafi, ta ce, 'yar nan wa yake ƙirga wannan? Wata rana kafin a gama labaran rediyo na tafi, wata rana har mai gadin layi ya busa usur sau biyu ina ji. Na ce, to da safe yaushe kike tashi? Ta ce, wane tashin, na salla ko na gaske? Da biro a hannuna na rasa abin da zan rubuta a gurbi uku a jere. Ita ta amsa komai daidai, takardar ce ba ta tanadi wurin amsarta ba. Ki duba naki takardun 64, ki tambayi kanki: a irin wannan gurbi, wa ya zaɓi lambar da aka rubuta, mai amsar ko ke? Kuma a zagaye na biyu, irin zaɓin farko kika sake yi?

Wuraren da za su ba ki wahala sanannu ne. Kwanciya dabam, barci dabam, sannan idan akwai Basakkwace cikin masu zuwa asibitinku, shi kwana yake ce wa barci. Tashin safe dole ku yanke shawara a kai, ku rubuta ta a matsayin ƙa'ida: wanda ke komawa bayan asuba, wane lokaci za a rubuta, kuma yaya za a yi da rabin awar da ya yi a kan sallaya ko a masallaci? Tambayar farkawa cikin dare ko da sassafe ita ce babbar tarko. A Turancin, kan tambayar cewa yake yi sau nawa barci ya ba ka matsala saboda kaza. Idan wannan kan maganar ya ɓace a bakin mai tambaya, duk Musulmin da kika tambaya ko yana farkawa da sassafe zai ce kullum, ki ba shi maki uku a kan sallar asuba. Tambayar banɗaki kuma, dattijo ba zai so yarinya ta ce masa fitsari a gaban mutane ba, zagayawa ko kama ruwa sun fi shiga kunnensa. Tambayar gyangyaɗi ta ambaci tuƙi da cin abinci da zama cikin jama'a, to matan da ba su taɓa riƙe sitiyari ba kada su ji kalmar farko su ce ba ta shafe su ba. Ta ƙarshe mai batun ƙwazon yin abubuwa, ki gwada karsashi, ki gwada kuzari, ki ji wadda mutane ke kamawa ba tare da kin yi ƙarin bayani ba. Tambayoyin abokin kwana ma, a gidan da ake rabon kwana sai an yi tunanin yadda za a furta su. Wadda ta fi duka kuwa ita ce mai cewa yaya za ka kwatanta barcinka gaba ɗaya. Bahaushe tun yana yaro aka koya masa amsar wannan: lafiya lau, alhamdulillahi. Mutum zai kwana yana juyi, ki tambaye shi ya barci, ya ce sai godiya. Idan fassararki ta yi kama da gaisuwa, amsar gaisuwa za ki samu, sai rukuni na farko ya ce lafiya, sauran shida su ce akwai matsala, alfa ta faɗi. Dole a gina tambayar yadda mai ji zai san ba gaishe shi ake yi ba, a kuma karanta masa zaɓin nan huɗu a hankali ya ɗauki ɗaya.

Na daɗe a nan don nan ne zuciyar aikinki. Wannan bayanin, idan kika tattara shi daga bakin mutane kika rubuta, shi ne babin da babu mai iya kwafo shi daga kundin wani, kuma shi masu jarrabawa za su tuna.

Ga yadda nake ganin za ki tsara lokacinki. Wasiƙarki ta iso ni a goman ƙarshe, saboda haka Shawwal na gyaran fassara ne. Ki nemi mai fassara na biyu a sashen Hausa ko na harsunan Najeriya, ki nemi mutum biyu su mayar da ita Turanci, ki roƙi Malam ya kira zaman kwamiti na yini ɗaya. A zaman a sa likitan ƙwaƙwalwa ko wani da ke ganin masu rashin barci, a sa nas ɗin da ta daɗe tana magana da marasa lafiya, kuma in da hali a sa wata dattijuwa da ba ta yi boko ba, da tsohuwar zuma ake magani. A makon nan kuma ki rubuta wa Jami'ar Pittsburgh neman izini in ba ki riga kin yi ba, don su ke da haƙƙin mallakar takardar, ki kuma duba wurin Mapi Research Trust da ke Liyon a Faransa, masu adana fassarorinta, ko akwai ta Hausa a hannunsu. Bayan zaman, ki gwada a kan mutane, kowace tambaya ki ce, in kai ne za ka yi wa wani ita, yaya za ka ce? Ki sanar da kwamitin ɗa'ar bincike na asibitin cewa an yi gyara. Sai ki jira. Takardar wata guda take waiwaya, don haka duk wanda kika tambaya a Shawwal azumi da hidimar salla da sitta za su shigo cikin amsarsa. Wajen goma ga Zulƙida ki yi zagayen farko, bayan mako biyu ki yi na biyu, ki gama kafin hidimar layya ta taso.

A wannan karon ki ɗebi mutane da yawa, don wasu za su ɓace miki kamar yadda 23 suka ɓace. Ƙa'idar COSMIN, wadda masana a Amsterdam suka tsara don irin wannan gwaji, tana ɗaukar 50 zuwa 99 a matsayin wadatacce, 100 zuwa sama kuma mai kyau ƙwarai. Ki daidaita zagaye na biyu da ranar da aka ba su ta dawowa asibiti don kada ki jawo musu kuɗin mota. Yadda kika yi na farko haka za ki yi na biyu: idan karanta wa mutum aka yi, a sake karanta masa, kuma mai karantawar ya zama mutum ɗaya. Kafin ki fara na biyun ki yi tambaya ɗaya tak: daga ranar da muka haɗu zuwa yau, barcinka ya canja ko yana nan yadda yake? Waɗanda suka ce yana nan, su kaɗai za a sa a lissafin ICC.

Akwai abin da ban gani a wasiƙarki ba, kuma na fi damuwa da shi fiye da 0.7 ɗin Malam. Alfa da ICC duk magana ɗaya suke yi, wato ko awon yana tsayawa wuri ɗaya. Mudun da aka bubbuga gindinsa ya shige ciki kullum awo ɗaya yake bayarwa, ba ya taɓa saɓawa, amma ba mudu yake aunawa ba. Me zai nuna cewa barci takardarki take aunawa? Ba sai kin nemi na'urar ɗakin gwajin barci ba. Ki yi wa 'yan rakiya masu lafiya tambayoyin, waɗanda shekarunsu suka yi kusa da na marasa lafiyar, ki ga ko makin masu ciwon baya ya fi nasu yawa kamar yadda ake zato. Cikin mako biyun da ke tsakanin zagayen, ki ba waɗanda za su iya wata 'yar takarda su riƙa yin alama kowace safiya: yaushe suka kwanta, sau nawa suka farka, yaushe suka tashi, ko da lokutan salla za su kwatanta. In za ki sami likita ya zauna da wasu daga cikinsu ya yanke ko suna da rashin barci, ba tare da ya ga makinsu ba, to kin sami abin gwada iyakar nan ta 5. Irin haka Aloba da abokan aikinsa suka yi da ɗaliban jami'a a Ile-Ife, aikin da ya fito a 2007, sai dai su ɗalibai suka tambaya, ke kuwa mutanen barandar asibiti ne a gabanki. In ba ki sami likitan ba, kada ki rubuta cewa kin tabbatar da 5 ga Hausawa, ki bar wa mai zuwa. Idan kuma wani ya ce ki haɗa da ma'aunin Epworth na Murray Johns na 1991, ki san shi gyangyaɗin rana yake aunawa, dangantakarsa da PSQI ba ta cika ƙarfi ba, kada raunin ta ya tsorata ki. Duk abin da kike zaton zai fito, ki rubuta shi da kwanan wata kafin a yi lissafi, Malam ya sa hannu.

Shi Malam, ban ɗauki maganarsa a matsayin umarnin yin maguɗi ba. 0.7 ita ce iyakar da aka saba karɓa, kuma yana gudun a tsayar da ɗalibarsa a gaban mutane a kunyata su tare. Mai yiwuwa ɗalibai goma ne a wuyansa, bai ma lura cewa zagayenki na biyu a cikin azumi ya faɗo ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kada ki tare shi a hanya ko a bakin mota, ki nemi lokaci a ofis, ki je da takarda shafi ɗaya: ga abin da ya fito, ga dalilai uku da nake zargi, ga jadawalin gyara da kwanakinsa. Ki ce, Malam, na gano inda na yi kuskure, ina neman ka duba wannan tsarin ka gyara mini. Malami ya fi saurin sauraron ɗalibar da ta zo da mafita. Idan ya nace sai dai lamba ta tashi ko ta wace hanya, to ki nemi mai duba aikinki na biyu ko mai kula da karatun gaba da digiri na sashen, cikin ladabi, ki nuna musu takardar nan ɗaya. Mai lissafin kuwa ba sai kin yi faɗa da shi ba, kuma ba sai kin yaɗa shi ba. Ki karɓi bayananki gaba ɗaya, ki ajiye kwafi biyu, ki gode masa. Alfa da ICC danna kaɗan ne a SPSS, wani malami a sashen lafiyar al'umma zai nuna miki cikin yammaci ɗaya.

Maigidanki kuma ki yi masa adalci. Mutumin da ya biya kuɗin digiri na biyu a wannan tsadar rayuwa, ya yi haƙuri da zirga-zirgar asibiti da goyo, ba maƙiyin karatunki ba ne, aljihunsa ne ya yi magana. Abin da ke tsorata shi shekara ce sukutum. Kafin ki zauna da shi ki je makarantar karatun gaba da digiri ki tambayi ainihin ranar da zangon zai rufe da abin da ake biya in an haura. Wataƙila wata biyun nan suna cikin shekarar da ya riga ya biya. Ki gaya masa komai, har da tayin mai lissafin da dalilin da ya sa kika ƙi. Ina kyautata zaton zai fi son ya jira wata biyu da ya wayi gari an ce an soke shaidar matarsa. Ki kuma faɗi abin da kike buƙata a fili: wanda zai riƙe yaro ranakun asibiti, ko ƙanwarsa ko taki.

Idan duk ƙofofin nan suka rufe, aka ce babu ƙarin ko mako ɗaya, har yanzu kina da kundi. Ki kawo 0.56 da 0.48 yadda suke, ki bayyana cewa zagaye na biyu a azumi aka yi, ki ƙara hira da mutum goma sha biyar a kan yadda suka fahimci kowace tambaya, ki rufe da cewa wannan fassarar tana buƙatar gyara kaza da kaza kafin a yi aiki da ita. Za a yi miki tambayoyi masu zafi ranar karewa, amma kowace kina da amsarta, don ke kika zauna da mutanen. Na fi son hanya ta farko nesa ba kusa ba, wannan ta biyun ma dai ta fi tayin mai kwamfuta.

Sai barcinki, wanda ba zan bari ya wuce ba. Mai shayarwa da ke kaiwa ƙarfe biyu ido biyu jikinta ba zai daɗe yana ɗauka ba. Ki sa wa kwamfuta lokacin rufewa, awa guda kafin kwanciya, abin da ya rage a ranki ki rubuta shi a takarda ki ajiye wa gobe. Shayi mai ƙarfi da kofi da goro ki bar su in dare ya yi. In yaro ya yi barcin rana ki kwanta tare da shi ko na minti ashirin ne. Kada ki sayi maganin barci a kemis, kina shayarwa, wasu suna bi ta nono. Idan kika ga abin ya kai dare uku a mako yana neman zarcewa, ko kuma kin yi mako biyu ranki a jagule, kuka na zuwa ba dalili, abinci ya fita kanki, ki ga likita ba tare da jinkiri ba, don damuwar bayan haihuwa tana iya ɓuya a bayan gajiyar karatu, kuma tana da magani.

Ki fara da takardu goman nan da biro. Abin da ya fito ki rubuto mini, tare da yadda kuka fassara tambayar farkawa da sassafe, ina son in gan ta kafin ku zauna da kwamiti. Ki shafa mini kan yaro, Allah ya kai mu salla lafiya.